Tabarma Kusa da ta Modibbo

Mas'ud ya kai istigfari na goma sha ɗaya, sai carbin ya tsaya cak a hannunsa. Lissafin ya sake kufce masa! Baki na motsi, amma zuciya ta koma ƙauyensu Zugu, can gonar da 'yan bindiga suka harbe yayansa Uba bara.

Yau kwanansa uku a i'itikafi cikin masallacin unguwarsu a Bukkuyum. Shi da bakinsa ya yi bakance: in Allah ya fito da iyalinsa lafiya daga ƙauye, zai zauna goman ƙarshe na azumi cur, ba fita sai kama ruwa. To ga shi ya shigo, sai tabarmarsa ta faɗo jikin ta wani tsohon Bafillace, Modibbo, makiyayi daga wajen Gwashi. Masallacin ɗan ƙarami, mutum tara a ciki, ba inda za a matsa. Ko tari tsohon ya yi, sai ran Mas'ud ya ɓaci. Ya tsane shi, wallahi, alhali mutumin bai taɓa ce masa ci kanka ba.

Bayan azahar ya naɗe tabarma, ya sami Liman.

"Allah gafarta Malam, fita za ni yi. Ba ni iya ibada kusa ga wanga mutum."

"In ka taka waje ba larura, i'itikafi ya ɓaci, bakancenka kuwa na nan wuyanka," in ji Liman. "Mi ya yi maka?"

"Bai yi komai ba. Amma irinsu..."

"Koma ka zauna. In zuciya ta gudu, kar ka yi faɗa da ita. Dubi inda ta tafi, ka maido ta, ka soma daga ɗaya."

Mas'ud ya je bakin ƙofa ya tsaya. Ga takalmansa can, taki biyu kawai. Rana ta take, babura na wucewa. Ya yi tsaki, ya dawo ya shimfiɗa tabarmar a inda take, don ba wani wurin.

Ya rufe ido ya soma. A na shida zuciyar ta gudu. Wannan karon bai tare ta ba, ya bi ta ya ga inda take zuwa. Ashe ba wajen masu bindiga take tsayawa ba. Kansa ya gani, yana keta dawa a guje, Uba na kiransa da sunansa har sau uku, shi ko waiwaye bai yi ba. Shekara guda ke nan bai faɗa wa kowa ba, har Inna. Matsoraci ne shi ranar nan, ya gudu, haka abin yake. Hawaye suka zubo masa, ya bar su. Kunya ta kama shi, da wani irin sauƙi da ya daɗe bai ji ba.

"Ɗana," in ji Modibbo a hankali, "ka yafe mani."

Mas'ud ya buɗe ido. "Ni? Mi ka yi mani?"

"Tun da ka shigo nake ƙinka. Wasu samari suka tare yarona Sagir hanyar kasuwa suka kashe, don Bafillace ne kawai. In na dube ka, su nake gani. Kuma ni na aike shi sayen kanwa, yana cewa Baffa hanya ba kyau." Ya ɗaga carbinsa. "Kwana uku ban cika ɗari ba."

Mas'ud ya dubi tsohon. Shi da ya ɗauka shi kaɗai ke da haƙƙin ƙin wani a masallacin nan!

"Nawa kake kaiwa, Baba?"

"Da ƙyar ashirin."

"Ka fi ni," in ji Mas'ud, yana share fuska da bakin riga. "Mu soma daga ɗaya."