Kunyar Ɗan Fari

Duk ƙauyen Ɗantutture an san Batula da kunya. Ba irin ta 'yan matan yanzu ba, da za su rufe fuska da mayafi ido na leƙe. Tata ta gado ce, a nono ta sha. Tun ranar da aka raɗa wa ɗanta na fari suna Mahmuda, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa faɗa. Mata kan buga misali da ita, ita kuma, ba a raba ɗan Adam da son yabo, tana jin daɗin abin.

A gaskiya al'adar ba ta yar da yaron ba. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarsa, Hajiya Zaituna, tsohuwa mai baki kamar reza. Ita ke zaginsa, ita ke lallashinsa, ita ke ɓoye masa ɗumame. Da ubansa ya rasu ita ta zame masa bango. Bara sai ita ma ta bi ɗanta. Aka yi zaman makoki aka watse, ba wanda ya lura cewa saurayin nan mai gemu ya rasa mutum ɗaya tak da ke iya ce masa "zo nan, mi ke damunka?" Gona ta dawo kansa, cefanen gida ya dawo kansa, da rani kuma ya hau babur yana acaɓa tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma.

Da damina ta sauka sai sunan Mahmuda ya cika gari. In an kira gayya, wato samari sun taru su nome wa mutum ɗaya gonarsa, shi ke fara kai ƙarshen kunyar noma ya juyo, sauran suna tsakiya suna haki. Mai gangar noma ya mayar da shi abokin hira, kirari har da na ƙarya. Rana ta take, kowa ya nemi inuwa, shi yana duƙe. Dattawa suka ce ubansa ya dawo.

Batula tana jin gangar daga tsakar gida, amma ba ta murna, don ita ke ɗauko kwanonsa. Mutumin da ya wuni yana noma ya kamata ya sharɓe tuwo har ya nemi ƙari. Nasa kwanon sai ya dawo da loma biyu a gefe. Shayi kawai yake nema, mai zaƙi, kofi bayan kofi. Wuyansa ya yi tsawo. Yakan zauna a ƙofar ɗaki yana susar hannu da ƙirji ba ƙurji ba komai, ana magana ya yi gyangyaɗi, ya farka ya ci gaba daga inda ba a tsaya ba. Yaron da ko kaza ba ya kora da ƙarfi, wata rana ya jefi akuya da turmin daka yaji don ta taɓa masa buta. Sallar asuba a masallaci ta zama sai an dace. Tsofaffin abokansa suka ja jiki, ya rage sai wani Rabo, ɗan acaɓa, da ba ya shigowa gida, sai dai ya tsaya waje ya danna hon.

Abin da ya cire mata shakka wani zazzaɓi ne. Ruwa ya yi kwana da wuni, rafi ya cika, hanyar Kurfi ta yanke. Mahmuda ya kwanta yana rawar sanyi, gumi na karyo masa, hanci na zuba, yana hamma yana murƙususun ciwon ƙafafu. Ta dafa masa ganyen darbejiya ta aje a bakin ƙofa, maganin bai yi masa komai ba. Da ruwa ya janye sai ga hon ɗin Rabo. Mahmuda ya ja jiki ya fita, kafin ta sauke tukunya ya dawo yana fito, yana wasa fartanya. Ta tsaya da ludayi a hannu. Ita dai ta tsufa ba ta taɓa ganin zazzaɓin da ke jin hon ɗin babur ba.

Washegari tana shara ta tsinci ɓawon ƙwayoyin magani a bayan ɗakinsa, an tura su ƙarƙashin danga. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ta san 'ya'yan mutane biyu da abin nan ya ci, ɗaya yana yawo a kasuwa ba riga, ɗaya yana kabari.

To amma ta yaya uwa za ta tari ɗan fari da magana? Sai ta yi abin da ta saba, ta nemi ɗan aike. Ta sami ƙanen mijinta, Baffa Tukur, a zaure.

"Malam, ina so ka duba wancan. Ba ya cin abinci, kuma na ga wasu ɓawon magani."

Baffa Tukur ya yi dariya. "Haba Batula. Maganin gajiya na, samari duk suna sha. Yaron da ya riƙe gida shi kaɗai? Ki gode ma Allah. Wasu ɗiyan suna can gindin bishiya suna karta."

Ba mugun mutum ba ne Baffa Tukur. Gonarsa ce ta gaba a layin gayya, shi ke nan.

Ta aika wa ɗiyarta Hasana, ƙanwar Mahmuda da ke aure a Kurfi. Hasana ta zo, ta ji bayani, ta shiga wurin yayanta tana murza gefen hijabi. Abin da uwa ta faɗa da zafi, da ya bi ta bakin ƙanwa sai ya huce. "Yaya, Inna ta ce ka riƙa hutawa." Ya ce to, ya gode. Magana ta mutu a nan.

Ranar gayyar Baffa Tukur, ana tsakiyar kiɗa, Mahmuda ya yanke jiki ya faɗi tsakanin kunyoyi, jikinsa na karkarwa, kumfa a baki. Aka ɗauko shi ranga-ranga. Gida ya cika, kowa da fatawarsa. Wasu suka ce tsamiyar gonar dama ba lafiya ba ce, iska ce ta buge shi. Wasu suka ce baki ne, yabo ya yi yawa. Aka kawo garwashi aka yi hayaƙi. Batula tana bakin murhu, ba ta matsa ba, ba ta yi kuka ba, mata na cewa kai, wannan baiwar Allah akwai dauriya. A ranar yabon nan ya yi mata ɗaci. Ɗanta na shure-shure a kan tabarma, ita kaɗai ta san abin da ya kayar da shi, kuma ita kaɗai aka hana matsawa kusa.

Ya farfaɗo, aka ce hayaƙi ya yi aiki. Da yamma hon ya sake kaɗawa a waje.

Ranar kasuwar Kurfi Batula ta ɗauki ƙwaryar daddawa kamar mai zuwa talla, ta zarce gidan Hasana. Maƙwabciyar Hasana ma'aikaciyar jinya ce, Malama Sakinatu, mace mai sanyin magana. Batula ta kwance bakin zane ta nuna mata ɓawon.

"Na ɗan wata maƙwabciyata na," in ji ta, idonta a ƙasa.

Malama Sakinatu ta juya ɓawon. "Tiramol ne. Ya rage cin abinci? Yana faɗa ba dalili? In bai samu ba yana kwanciya kamar mai masassara?"

"Duk yana yi. Shekaranjiya har faɗuwa ya yi."

"Faɗuwar daga ƙwayar take, Inna, in ta yi yawa tana sa farfaɗiya. Da fari mutum ke shan ta don ya yi aiki. Daga baya jiki ya saba, ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai abin da ya fi haka. Yanzu ba don daɗi yake sha ba, don kar ya yi ciwo ne. Kuma ta fi kama wanda nauyi ya yi wa yawa, ko aka yi masa rashi, ba shi da wanda zai faɗa wa."

Malama Sakinatu ta mayar mata da ɓawon, ta ci gaba.

"Kar a ɗaure shi, kar a doke shi, kar kuma a ce ya yanke rana ɗaya. Ciwo ne, likita ke janye mutum a hankali. A kai shi babban asibiti a Dutsin-Ma. Amma sai ya yarda da kansa. Wa yake jin maganarsa?"

"Wadda yake ji ta rasu."

"Uwarsa fa?"

"Ɗan fari na."

Malama Sakinatu ta dube ta, duban da ya nuna ta daɗe da gane wace ce maƙwabciyar. "To ki gaya mata, Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗuwa ta gaba, in a kan babur ta same shi, ba lalle ya tashi ba."

Batula ta dawo da daddawarta ko ƙulli ɗaya ba ta sayar ba. A hanya ta yi ta shawara da zuciyarta. Me mata za su ce? Za su ce tsufa ya zo mata da rashin ta ido. Ta auna wannan, ta auna makara, ta ga ba su yi nauyi ɗaya ba. Haushin kanta ma ya kama ta, da ta tsaya aunawa.

Ta iso bayan la'asar. Mahmuda yana ɗakinsa, takalmansa a ƙofa. Ɗakin nan tun da aka gina shi ba ta taɓa taka shi ba. Ta aje ƙwarya, ta yi sallama, ta ɗaga labule. Yana kishingiɗe, ya zabura ya miƙe zai fita, don a saninsa in ta shigo wuri shi ke ba da wuri.

"Zamna," ta ce.

Ya zauna a bakin katifa. Ita ma ta zauna a ƙasa, kusa har gwiwarta na taɓa tabarmarsa. Bakinta ya yi nauyi. Ta buɗe shi da ƙyar.

"Mahmuda."

Ya ɗago kai a firgice, ya dube ta kamar bai san muryar ba.

Ta zube ɓawon a gabansa. "Ba iska ba ce. Na sani, kai ma ka sani. Ban zo faɗa ba, ban ma iya shi ba. Tsoro nike ji. Na binne ubanka, na binne tsohuwa, ba ni iya binne ka."

Ya daɗe yana kallon ɓawon. Da ya yi magana muryarsa ta dawo ta yaro.

"Inna, na ɗauka ba ki gani."

"Kullum ina gani."

"Na gwada bari. Wallahi na gwada. In na bari ji nike kamar ana sassaƙa mani ƙashi. Kuma in ban sha ba, wa zaya yi noman? Kowa na cewa ni namiji na."

"Gona ta kwana. Gobe mu tahi Dutsin-Ma."

"Da Baffa?"

"Da ni."

Ya sa fuska cikin tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Ta ɗaga hannu, ta yi jinkiri, sannan ta ɗora a kansa. Rabonta da taɓa kan nan tun yana jariri, shi ma a ɓoye. Ta bar shi ya yi kukansa. A waje hon ya yi ta kira har ya gaji.

Da safe suka fito tare, ita a gaba shi a baya, mata na leƙe ta saman danga. Baffa Tukur ya buɗe baki a zaure, ta gaishe shi da ladabi ta wuce. A Kurfi suka shiga bas ɗin Dutsin-Ma. Tun kafin mota ta cika jikin Mahmuda ya fara, gumi ya jiƙa masa riga, yana hamma yana matse ƙafafu. Hanya ce mai tsawo a gabansu, ba ta motar kaɗai ba, kuma Batula ta san haka. Ta kwance ɗan gyalenta ta share masa goshi.

Wata dattijuwa a kujerar baya, mai kwandon kaji a cinya, ta leƙo. "Sannu baiwar Allah. Ba shi da lahiya? Ƙanenki na?"

A al'ada amsar a shirye take. Sai ta ce ɗan gidansu ne, ko ta kau da kai ta yi kamar ba ta ji ba, kowa ya gane ya yaba. Mahmuda ma ya sunkuyar da kai yana jiran hakan.

"Ɗana na," in ji Batula, da muryar da duk motar ta ji. "Shi na hwara haihuwa. Asibiti za ni kai shi."