Ranar da Aiki Ya Ƙare da Wuri

Tun da Kawu ya bar ofis, aikin Auta ya riƙa ƙarewa da wuri, abin da bai taɓa faruwa a zamaninsa ba.

Ba kawunta ba ne na jini. Shi ne babban mai rubuta manhaja a kamfanin, shi ya karɓe ta ranar da ta fara aiki, shi kuma ya laƙaba mata Auta don ita ce ƙaramar sashen. Teburinsu ɗaya, kusa da taga. Duk abin da ta rubuta sai ya duba kafin ya wuce. Zai jawo kujera, ya sauko da tabarau kan hanci, ya ce, "Wannan layin fa? Ke kika rubuta, ko kyanwa ce ta bi ta kan madannan kwamfuta?" Akwai ranar da har kuka ta yi a banɗaki. Kwatsam shanyewar ɓarin jiki ta same shi, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta a can ƙarshen gari.

Bayan tafiyarsa kamfanin ya kawo sababbin abubuwa. Akwai mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, wanda 'yan ofis suka sa wa suna Ɗan Aike. Kullum da safe shi ke tsara mata ayyukan yini, ya duba abin da ta rubuta, ya nuna kuskure, ya kawo gyara. Sai kuma manhajar da ke bibiyar aiki da kanta, tana lura da fayil ɗin da aka buɗe da lokacin da hannu ya bar madannai. Ita suka kira Mai Gadi.

Ɗan Aike ba ya gajiya, ba ya faɗa. Ko kwaɓa ta yi sai ya fara da yabo. Wata rana haushi ya ishe ta, ta rubuta masa, "Ka yi mini faɗa mana."

Ya amsa, "Wannan aikin bai kai ba, ki ƙara himma. Da fatan ban ɓata miki rai ba."

Ta tuntsire da dariya, ta juya hagu don ta nuna wa Kawu. Sai ta tuna ba ya nan.

Ran wata Laraba, tun rana ba ta yi tsaka ba, Ɗan Aike ya sanar da ita babu sauran aiki. Manaja ya leƙo yana murmushi. "Mai Gadi ya ce kin cinye na yau har da rabin na gobe. Je ki huta, kada ki ja mana a ce mu malalata ne."

Ta saka kwamfuta a jaka. A tashar mota, maimakon ta hau ta unguwarsu, sai ta tsallaka titi. Wata da watanni tana cewa za ta je duba Kawu, tsoron yadda za ta same shi ke hana ta.

'Yar Kawu ce ta buɗe ƙofa. "Baba, ga 'yarka ta ofis!"

Yana zaune a baranda, hannun dama a ajiye kan matashi kamar ba nasa ba. Ya rame. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya daɗe yana kallonta.

"Auta," ya ce, maganar na fita a hankali. "Korar ki aka yi?"

"A'a, Kawu. Aiki ne ya ƙare."

"Aiki ya ƙare da rana tsaka? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Suka taɓa hira. Ya tambayi kowa, har mai sharar bene. Ya tambayi ko an gyara tagar nan mai ƙara. Amma idonsa na kan jakarta, har dai ya kasa haƙuri.

"Buɗe in gani."

Ta ɗora masa kwamfutar a cinya, ta nuna masa yadda take gaya wa Ɗan Aike abin da take so, layuka su zubo kamar an kunna famfo. Kawu ya sa tabarau ya bi su da ido. Ya yi ƙasa, ya dawo sama, ya sake yin ƙasa.

"Sun yi mini sauri," ya ce. "Babu abin da zan ce. Yana da kyau."

Da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta sunkuyar da kai tana wasa da zip ɗin jaka.

Can sai ta ji ya ja tsaki. "Wannan fa? Wa ya sa wa abu suna 'sabo na biyu'?"

"Ni ce, Kawu."

"Na sani ai! Na'ura ba za ta yi wannan shirmen ba. In an yi na uku fa, ki kira shi ƙanin sabo?"

Ta yi dariya har da hawaye, ba ta ma goge ba. Shi kuwa ya miƙa hannun hagu, da yatsa ɗaya ya shiga laluben haruffa. Ya goge sunan, ya sa wani, ya ƙara layi guda a ƙasa. Ya ɗauki lokaci, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ba ta taya shi ba. A kusurwar allo alamar Mai Gadi ta koma kore, tana lissafa aikin da sunan Auta.

Da ya gama bai ɗauke hannun ba. Ya bar shi kwance a kan madannai.

"Wa ke kujerata yanzu?"

"Ba kowa. Kwalin takardu aka ɗora."

"Gara kwali," ya ce. "Shi ba ya sa mutane kuka."

Ashe ya san da kukan da ta yi a banɗaki.

'Yar tasa ta rako ta bakin ƙofa, ta rage murya. "Tun da ya kwanta ban ji ya yi wa kowa faɗa ba sai yau. Don Allah ki riƙa zuwa."

A cikin mota ta buɗe kwamfutar. Ɗan Aike ya riga ya ja layi a ƙarƙashin rubutun Kawu: an buɗe alamar baka a layin ba a rufe ba, ko ya gyara?

Ta daɗe tana kallon layin, motar na jijjiga ta. Sannan ta rubuta, "Bar shi tukuna. Mai shi zai gyara ran Laraba mai zuwa."