Ɗigon Shuɗi a Bayan Kunne

"Riƙe shi da kyau, kada ki matse masa ƙirji," in ji Dakta Abdulrauf, yana zaro allura daga leda.

Falmata ta gyara riƙo. Tsuntsun bai cika tafin hannunta ba, amma zuciyarsa sai dukan yatsunta take yi. Bakinsa ja, cikinsa ruwan lemo, gadon bayansa shuɗi. Dangin tsuntsayen nan ne masu kamun kifi, sai dai shi ɗan autansu ne, fara da gizo-gizo yake ci. Tun da ta fara digiri na biyu take bin irinsa, ta kama, ta auna, ta saki, ba ta taɓa samun abin da zai sa a waiwayi kundinta ba. Sai yau.

Da safe Madam Chinenye, mai shagon kayan wanki a Kasuwar Sabon Gari, ta kira ta. "Hajiya mai tsuntsu, zo ki ɗauki ɗan'uwanki. Ya bugi gilashina ya suma. Na so in yi miya da shi, na ga ko cokali ba zai cika ba."

A cikin wani tsohon kwali ta miƙo mata shi. Falmata na dubawa sai ta ƙara matso da shi kusa da idonta: a bayan kunnensa, saman farin tabon wuya, ga wani ɗigo shuɗi. Namu na nan ba su da shi. 'Yan'uwansu na can kudancin Afirka ne ke da wannan alama, kuma a duk karatunta ba ta ga inda aka ce an taɓa ganin ɗayansu a Kano ba. Ta ɗauki hoto ta tura wa malaminta. Kafin ta fita kasuwa ya kira, ya ce ta hau adaidaita ta same shi a gidansa na Fagge.

Yanzu ga su a ɗakin karatunsa, durowa a buɗe, busassun tsuntsaye jere a kan auduga.

"Malam, hoton ba zai isa ba?"

"Hoto kowa ma ya iya gyara shi. Sai an ajiye shi a nan, da sunanki ɗaure a ƙafarsa, sannan za a yarda." Ya zuƙo ruwan allurar da za ta kashe tsuntsun. "Na gaya wa Farfesa Ikrama. Ya baro ɗaurin aure saboda ke, yana hanya."

Farfesa Ikrama shi zai yanke hukunci a kan kundinta. Mutumin da ko gaisuwarta ba ya amsawa sosai.

Ta ɗaga babban yatsanta don ta buɗe wa allura hanya, sai ta ga kan yatsan ya yi shuɗi.

Ta ƙura masa ido. Gari ne, laushi-laushi. Nan take ta tuna kwalin: kwalin bula ne, wadda ake sa wa fararen kaya, kuma ta ga burbushinta a ƙasan kwalin, ba ta kawo komai a ranta ba. A hankali ta juya kan tsuntsun. Ɗigon ɗaya gefen ya fi ƙanƙanta, ya kuma ɗan yi ƙasa.

Ta lanƙwashe yatsan ta ɓoye a ƙarƙashin fiffike.

"Kina ɗari-ɗari," in ji Dakta, yana gyara tabarau. "Na farko kowa haka yake yi. Ki kau da kai in ba za ki iya kallo ba."

Idan aka busar da shi aka sa a durowa, wa zai ɗauko ruwa ya wanke masa kunne? Babu. Wataƙila ma ɗigon na gaskiya ne, bula ta hau kansa kawai. Wataƙila. Ta ji ƙarar mota ta shigo layin, ta wuce. Tsinin allurar ya raba gashin ƙirjin tsuntsun.

"Malam, dakata."

"Me kuma?"

"A ba ni auduga da ruwa."

Ya dube ta, ya dubi yatsan da ta miƙo masa. Ya tsoma auduga a kofin ruwan da ke kan tebur ya ba ta.

Ta goga sau ɗaya, audugar ta rine. Ta sake gogawa tana addu'a a zuci wani abu ya rage. Tsuntsun ya kai mata sara. Da ta ɗaga audugar, wurin ya koma fes, irin na kowane ɗan'uwansa da ta taɓa kamawa a bakin rafi.

"Bula ce," ta ce, muryarta can ƙasa. "A kwalinta aka sa shi."

Dakta ya dubi audugar. Ya mayar wa allura murfinta, ya tura durowar ta rufu.

"Ni ma da idona na gani, ban tambaya ba," ya ce. "Kai shi inuwa ya bushe, ki nemo masa fara. Amma tukuna."

Ya lalubo lambar Farfesa, ya ajiye wayar a gabanta tana ringin.

"Malam, ni?"

"Tsuntsunki ne."

Aka ɗaga. Cikin hayaniyar titi, Farfesa Ikrama ya ce ga shi nan a Kantin Kwari, wane layi zai shiga?

Falmata ta share yatsanta a hijabi, ta ɗauki wayar, ta yi sallama.