Farar Riga a Jikin Ƙusa

Sau uku Likita tana ciro takardar makaranta daga jaka tana mayarwa, kamar in ta ƙara dubawa rubutun zai canza. Layi biyu aka bari a ƙasa: sashen da ɗaliba ta yi aiki, da sa hannun mai kula da ita. Yau ce rana ta ƙarshe, kuma babanta ya ce ƙarfe biyu zai rufe gareji ya zo ya ɗauke ta da kansa.

Likita ba sunanta ba ne, baban ne ya laƙaba mata tun tana rarrafe. Bakanike ne, ya kwashe shekara ashirin a ƙarƙashin motocin mutane, ya kuma ci alwashin 'yarsa ba za ta taɓa baƙin mai ba. Ko abinci ta kai masa gareji, daga bakin ƙofa yake karɓa ya kora ta. Da makaranta ta tashi raba ɗalibai wuraren aiki na mako guda don su ga sana'o'i da idonsu, shi ya je ya tsare malamin ajinsu sai da aka rubuta mata asibiti. Har farar riga ya sa tela ya ɗinka.

Ranar farko aka kwance bandejin ƙafar wani a gabanta. Daga nan ba ta san kome ba, sai farkawa ta yi a kan benci, nas tana mata fifita da kati. Kashegari ma haka.

"'Yata, mu ji da masu ciwo ko mu ji da ke?" in ji nas ɗin. "Ungo keken nan, tayarsa ta karkace, kai wa Baba Mai Gyara can baya."

Ta kai keke, ba ta dawo ba. Kwana uku ke nan tana ɗakin gyara, cikin ƙafafun gadaje da fankoki da kekunan marasa lafiya, farar rigar tana rataye a ƙusa. Abin da ya fi ba ta kunya shi ne daɗin da take ji. Kullum da yamma baban zai tambaya, "Yau marasa lafiya nawa aka duba?" ita kuwa ta yi dariya ta shige ɗaki.

Da safen nan ta lallaɓa wurin nas da takardar.

"Anti, don Allah, ko da kwana biyun nan ne ki rubuta."

"In rubuta me? Kin suma sau biyu? Ni ba na sa hannu a aikin da ban gani ba."

Ta koma baya. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa taga, ta duba agogo. Ta sa rigar, ta cire. Ƙarfe ɗaya saura.

"Ke, kin ishe ni da zirga-zirga," Baba Mai Gyara ya ce, bai ɗago daga fankar da yake kwancewa ba. "Kawo in sa miki hannu, in ma hatimi ne ina da shi."

"Baba, in babana ya ga sunan ɗakin nan na shiga uku."

"To shiga ukun zai jira. Tsohuwar da ke ɗaki na huɗu ba za ta jira ba, tun jiya ba ta ga rana ba. Gama mata kekenta."

Ta durƙusa ba don tana so ba. Ta shimfiɗa tsumma a ƙasa, duk notin da ta kwance sai ta ajiye shi daga hagu zuwa dama, na farko a farko, don in an zo ɗaurawa a bi su da baya. Ta manta da agogo.

Inuwa ta tare hasken ƙofa. Takalman babanta ta fara gani, ta gane su. Ya sa kayansa na fita, har da turare. Ashe tun ɗaya da rabi ya iso, nas ta nuna masa hanya.

Ya dubi rigar a ƙusa. Ya dubi hannuwanta, baƙi ƙirin har wuyan hannu.

"Kai ne mahaifin?" tsohon ya tambaya. "Sannu da ƙoƙari. Shekara talatin ina fama da yara su jera min noti, ba wanda ya ji. Ita ba sai da na faɗa ba. Wa ya koya mata?"

Baban ya sunkuyar da kai. Tsumman yake kallo. Haka yake jera nasa, bai kuma taɓa nuna wa kowa ba. Ita daga bakin ƙofar gareji ta gani, duk shekarun da yake korar ta.

Sannan ya tattare wandonsa mai guga, ya durƙusa a kan simintin kusa da ita, ya riƙe mata tayar.

"Wannan sifanar ta yi masa yawa, za ki cinye kan notin," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Ɗauko lamba goma, Likita."