Shafin Matar Kofur Arley

A bataliyarmu babu soja ko ɗaya mai ciwon tunani. Kanar ne ya faɗa a faretin Litinin, kuma yana da takardun gwaji ɗari huɗu da sha biyu da suka tabbatar da haka. Ni na tara su, don ni ne akawun bataliya.

Gwajin ba shi da wuya. In an dawo daga daji sai a jeru a fili, kowa ya ɗora takardarsa a bayan na gabansa. Saje Mosquera ya karanta tambaya, ya taimaka da amsa.

"Kana mugun mafarki? A'a! Kana firgita in an buga ƙofa? A'a! Wanda ya ce e, sati uku a ɗakin likita, ba hutu, a karɓe masa bindiga. Akwai mai so?"

Ba a taɓa samun mai so ba.

Shafi na biyu na matan aure ne, suna cika shi a ofishina. Nohemí, matar Kofur Arley Cuastumal, maƙwabciyarmu ce, tana sayar da arepa, wato wainar masara, a bakin kasuwa. Ta karanta tambayar da ke cewa ko ta ga canji a mijinta, ta rubuta e. Ta ƙara layi biyu: a hutun baya ya shaƙe ta ba tare da ya san ita ce ba, daga baya ya zauna a ƙasa yana kuka.

Arley ya shigo ɗaukarta, ya leƙa takardar.

"Haba, Maman Yuli, so kike a ce da ni mahaukaci?"

"So nake likita ya gan ka, kai mai taurin kai."

"Likita ɗaya ga bataliya uku? Kafin layi ya zo kaina Yuli ta yi aure." Ya yi dariya, yana murɗa hularsa da hannu. "Ran Lahadi za ta fara karɓar jibin Ubangiji a coci, har da biki za mu yi. Na yi mata alkawari ni zan riƙe hannunta. Wata takwas tana ƙirga kwanaki."

Nohemí ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta juyo gare ni.

"Maƙwabci, akwai sabon shafi? Na yi kuskure a wannan."

Akwai. Kullum muna da sababbin shafuka, domin matan sojoji suna yawan kuskure.

Arley ya fara hutun sati biyu ran Juma'a. Da hantsin ranar Nohemí ta shigo gidanmu da ƙunshi a cikin tawul: adda ɗaya da wuƙaƙen kicin uku. Ta ce wa matata ta ajiye mata, wurinta ya yi ƙunci. Ta kuma tambaya ko Yuli za ta iya kwana tare da yaranmu na sati biyu, wai yarinyar ce ta dame ta da roƙo.

Matata ta ce to da me za ta yanka ayabar bikin Yuli?

"Da cokali," in ji Nohemí. "Ai ta nuna."