Waƙar Akuya a Jana'izar Sybren

A garinmu waƙa uku ake sa wa mamaci kafin labulen ɗakin jana'iza ya rufe akwatin gawarsa, kuma ta ukun shi ke zaɓenta tun yana raye. Yayana Sybren ya zaɓi tasa da daɗewa, ya rubuta ya manna a ƙofar firij. Wata waƙar banza ce, ta wani matuƙin jirgin ruwa da ke kukan rashin akuyarsa da ta faɗa kogi. Na tsane ta. Shekara arba'in yana kunna ta a ɗakin tatsar shanu, safe da yamma, wai madara ta fi zuba. Ni kuwa in na ji ta har kaina sara yake.

Ranar jana'iza ɗansa Douwe, mai koyar da kiɗa a birni, ya miƙo mini takardar tsarin taro. Na duba ta uku, sai na ga wani kiɗan goge na manyan mutane.

Na ce, "Ina akuyar?"

"Haba Gwaggo, abokan aikina fa za su zo. Ke ma da bakinki kika ce waƙar ba ta da maraba da ƙarar tsohuwar ƙofa."

"Na faɗa, kuma gobe ma zan faɗa. To ni ce a cikin akwatin?"

Ya gyara wuyan rigarsa ya wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato da madarar shanun nan aka kai shi makarantar kiɗa, yau kuma shi ne mai jin kunyar abin da ubansa ke so!

Aka sa ta farko, aka sa ta biyu. Gogen ya fara, labule ya soma motsi. Na tashi na je wurin mai kula da na'urar kiɗa na ce ya canza. Ya raɗa mini cewa ba a ba shi wata waƙar ba, ga kuma wasu masu gawa suna jira a waje.

To, sai na juya na buɗe baki. Muryata kamar ta agwagwa, amma ashe babu baitin da ban haddace ba. Kafin akuyar ta faɗa kogi, tsofaffin manoman da ke layin baya sun karɓa, suna buga ƙafa a ƙasa, har gogen ya ɓace. Da haka labule ya rufe Sybren.

Wurin shan kofi da kek Douwe ya matso, fuska a murtuke. "Gwaggo, kin kunyata mu."

Na ce, "Sha kofinka, malamin kiɗa."

Yanzu rediyon ɗakin tatsar yana kicin ɗina, da kaset ɗin waƙar a ciki. Har yau waƙar banza ce, kuma har yau ban taɓa kai ƙarshenta ba tare da na yi kuka ba.