Hannun Inna Dudu

Matar ta tsaya gaban rumfar Sahabi, ta ɗauki tarwaɗa ɗaya ta juya, ta shinshina, ta mayar. Sannan ta ciro waya daga jaka ta miƙo masa har kusa da hanci.

"Don Allah malam, daga Kwantagora nake. Ina zan sami masu wannan?"

Bai buƙaci karanta rubutun ba. Shuɗin fili ne, a tsakiyarsa hoton hannaye biyu na tsohuwa, baƙaƙe masu jijiya, suna ƙulla kaba a jikin kifi. A ƙasa an rubuta Bandar Inna Dudu. Hannayen da suka yi masa wanka ne yana jariri, su ne kuma suka sha kai masa dundu da ya yi wayo.

"Warra za ki tahi," ya ce, yana kallon gefe. "Amma hajiya, kihi dut kihi na. Ruwa guda anka kamo su."

"Haka ne," in ji ta, da irin murmushin da ake yi wa mai talla. Ta mayar da wayarta jaka ta wuce.

Tun Mansura, autarsu mai Bandar Inna Dudu, ba ta san hagu da dama ba Sahabi yake sayar da banda a kasuwar Yelwa. Kuma kada a yi masa ƙarya, ba ƙauyanci ne ya bar shi a baya ba. Shi ne ma ya fara shiga intanet a duk layin masu kifi. Wani ɗan boko daga Birnin Kebbi ya gina masa shafi na kece raini, da kiɗa, da kifaye masu iyo daga wannan gefe zuwa wancan. A kwamfutar mutumin abin sai ka ce gidan biki. Amma a waya, sai ya yi ta juyi yana shan data, in Allah ya sa ya buɗe kuma rubutun bai kai ƙwayar gero ba, lambar waya ta ɓuya can wani lungu sai an yi ta jan yatsa. To, wace mai miya ce za ta zauna gaban kwamfuta don ta sayi tarwaɗa? Ga shi mutum ne mai son sabon suna. Allon rumfarsa na cewa Alhaji Sahabi da 'Ya'yansa, shafin na cewa Sarkin Bandar Kainji, ledarsa kuma wani abu daban take faɗa, da lambar layin da ya daɗe da ɓata. Har wani ya taɓa tambayarsa, a gaban rumfarsa, ko ya san mai wancan shafin.

Ita kuwa Mansura ba ta yi komai na a zo a gani ba. Suna ɗaya, launi ɗaya, hoto ɗaya, lamba ɗaya. Abin da ke jikin kwali shi ke cikin waya, shi ke ƙofar gida. Shafinta ko a tsakiyar tafkin Kainji, inda sabis ke wasan ɓuya, taɓawa ɗaya ya buɗe. Yanzu duk motar Kaduna ko Abuja da za ta tashi daga tasha sai Sahabi ya hango shuɗayen kwalaye a bayanta, kuma kowane ɗaya sai ya ji shi a ƙirji.

Hassada ce, ba wani abu ba. Ya san sunanta, ya sha jin wa'azi a kanta, har yakan gyaɗa kai a masallaci in an ce ga mai rabo taki ce. Sanin bai rage masa komai ba.

* * *

Duk Juma'a bayan an sauko yakan hau mota zuwa Warra gaida mahaifiyarsu. Shi ɗan fari ne, don haka Inna Dudu ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa ko da a ɓoye. "Kai wanga" take ce masa. Al'ada ce, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma furfura ta fara fito masa a gemu yana jiran kalma ɗaya, ita kuwa auta ana zuba mata su kamar ruwan Agusta.

Ya tarar da su bayan gida, wajen murhun banda. Hayaƙin icen marke na tashi a hankali, kifaye jere a kan raga, kowanne an lanƙwasa shi jela a baki. Idanun Inna sun yi rauni, amma hannunta bai mance aikinsa ba. Bahaguwa ce, ƙullinta na kaba hagu yake kwanciya, haka kuma ta koya wa Mansura.

Bayan gaisuwa Inna ta ce, "Auta, nuna mani hannuna."

Wannan ma ya zama al'adar Juma'a. Mansura ta buɗe shafin ta miƙa mata, ta shiga karanta mata abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wannan ta ce tun rasuwar kakarta ba ta ci irin wannan kifi ba, wancan ya ce Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya. Inna na amsawa da amin tana dariya.

"Ɗiyar ga ta kai ni Ikko ban hau mota ba," ta ce. "Allah shi yi maki albarka."

Sahabi ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Buhun shinkafar da ya kawo na jingine a bakin ƙofa, an ce an gode, an wuce wurin.

Da Mansura ta rako shi bakin hanya ya kasa haɗiye maganar.

"Sunan ga da kika yawo da shi, na uwarmu na mu duka. Ba ke ɗai anka haihwa ba."

"Wa yac ce ni ɗai, Yaya? Ka kawo kihinka a banda shi nan yadda Inna ka yi, wuta kaɗan, sai ya bushe har ƙashi. Mu sa kwali guda. Wallahi masu nema sun fi ƙarhina."

Da gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona shi. Da ta yi masa rowa da ya sami abin riƙewa.

"Ni in koma yaronki ke nan," ya ce. Ya tsayar da mota ya shiga ba sallama.

* * *

Bai sha wata wahala ba. Ya sayi sabon layin waya, ya kwafi hoton, ya kwafi shuɗin har a jikin kwali, ya buɗe shafi a dandalin sada zumunta ya sa masa Bandar Inna Dudu ta Asali. Ya ce wa kansa ai ba sata ba ce, ɗa ba ya satar sunan uwarsa. Abin mamaki, kuma abin haushi, kafin mako ya zagayo waya ta fara ƙara. Shekarun da ya yi yana kiran kansa sarki ba su kawo masa abin da hannun tsohuwa ya kawo a 'yan kwanaki ba.

Ana tsakiyar damina wata mata ta kira daga Kaduna. Aurar da 'yarta za ta yi, tana son kifi mai yawa na miyar walima, kuma tana son sa kafin Asabar. Da Mansura ce, da ta ce mata ba zai yiwu ba, don banda ba ta son gaggawa, balle a lokacin da iska kanta jiƙe take. Sahabi ya ce an gama.

Ya sa aka zuga wuta, kifi ya yi baƙi a waje, cikinsa da sauran danshi. Ya san abin da zai biyo baya, kafin mota ta kai Tegina tsutsa ta fara. Ya kuma san maganin abin, don a layinsu ba baƙo ba ne. Kwalbar fiya-fiya na nan ƙarƙashin tebur, a rumfarsa da ta wasu maƙwabtansa, ana surka ta da ruwa a yayyafa, ƙuda ko ƙwaro ba mai kusantar kayan. Ba wanda ke kai irin wannan kifin gidansa. Na baƙi ne, waɗanda ba a san fuskarsu ba. Ranar, saboda danshin ya yi yawa, hannunsa ma ya yi nauyi wajen yayyafawa.

Sannan ya zauna ya ɗaure su da kaba, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya gani a hoto. Hankalinsa na kan mota, ya bar yatsunsa suka yi abin da suka saba.

* * *

Ran Lahadi da hantsi labari ya cika waya. An kwashi mutane daga gidan biki zuwa asibiti, har da yara, suna amai suna karkarwa. Uwar amarya ta ɗauki hoton shuɗin kwali da sauran kifin da ke ciki ta watsa wa duniya. Wanda ya sani da wanda bai sani ba kowa ya ɗauka ya ƙara gaba, kuma ba wanda ya tsaya bambance mai "ta Asali" da marar ita. Hannayen dai su ne.

Cikin ruɗewa Sahabi ya fita daga shafin, ya zare layin, ya gangara bakin ruwa ya wurga shi. Sai da ya dawo rumfa numfashinsa ya daidaita.

Ran Talata Mansura ta zo. Ba ta zauna ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta buɗe hoton da matar Kaduna ta watsa, ta ja shi da yatsu biyu har kaba ta cika fuskar wayar.

"Duba nan, Yaya. Wanga ba ƙullin Inna ba na. Ƙullin tarun kamun kihi na, irin na Baba. Mu mata ba a koya muna shi ba. Kai ɗai yak koya ma, cikin jirgi."



"Na ruhe nawa shahin," ta ce. "Zagin ya yi yawa, kuma ba mai saye. An ce in hito in bayyana wanda yay yi. In na hwaɗi, kai za a kama, Inna kuwa ba ta kai baɗi. Abu guda nika roƙo, ka goge naka. Har yanzu hannunta na can ana tsine mashi."

Nan take ya ciro waya. Shafin ya nemi lambar sirri, ya ce ya tura ta zuwa layin da aka buɗe shi da shi. Layin kuwa yana ƙarƙashin ruwan Kwara. Ya gwada, ya sake gwadawa, Mansura na tsaye tana kallonsa har ta gane. Ta gyara mayafinta ta juya.

Ya bi bayanta da ido har ta shige cikin mutane. Ya ji kunya, ya ji tsoro. Amma a ƙarƙashinsu, Allah ya gani, tsohon ciwon na nan bai motsa ba. Ya rusa mata komai, ga shi kuma ta sake fin sa.

* * *

Juma'ar da ta biyo ba hayaƙi a bayan gida. An jingine raga a bango, kaji na tono a cikin tokar murhu. An gaya wa Inna damina ce ta sa aka dakata, ta ce ai gara haka, banda ba ta son gaggawa.

Bayan gaisuwa ta ce, "Auta, nuna mani hannuna."

"Wayata ta samu matsala, Inna."

"To kai wanga, taɓa taka mu gani. An ce ko'ina anka rubuta sunana hitowa nikai."

Ba a ce wa uwa a'a a kan abu irin wannan. Ya rubuta sunan da yatsa mai nauyi. Na Mansura ba ya nan, saura ɗaya tak a duk duniya, kuma taɓawa ɗaya ya buɗe. Tunda yake bai taɓa mallakar abin da ke buɗewa da sauri haka ba.

Inna ta karɓa da hagu, ta kai wayar kusa da ido. Ta ga shuɗin, ta ga hannayenta, fuskarta ta washe.

"Ga ni kuwa. Ashe Auta har cikin wayar yayanki kin sa ni."

Mansura na jingine da ƙyauren ɗaki, idonta a ƙasa.

"Wanga ba nawa ba na, Inna," ta ce a hankali. "Na Yaya na. Shi yab buɗe shi da kainai."

Tsohuwar ta sauke wayar. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a gaban kowa, ta ɗago kai ta dubi fuskar ɗanta na fari, ta daɗe tana dubansa da raunanan idanunta.

"Ashe kai ma kana tunawa da ni," ta ce. "Ban sani ba. Allah shi yi ma albarka. Allah shi ba ka masu yi ma abin da kay yi mani."

Ba wanda ya ce amin. Ita ba ta lura ba, ta koma kan wayar, ta ɗora babban yatsanta mai kanta tana ja sama yadda ta ga auta na yi. Rubutu na ta wucewa, layi bayan layi, ba ya ƙarewa.

"Dut wanga addu'a ta? Kai, naka ma sun hi na Auta yawa."

Ta miƙa masa wayar, ta gyara zama a kan tabarma, ta buɗe tafukanta biyu a kan cinya don karɓar addu'a.

"Yau kai za ka karanta mani. Hwara daga sama, ina saurare."